Keken hannu mai ƙafa uku na masu waldar Garwa: ya dace da matashin da lakarsa ta taɓu?

Duk wanda ke bin hanyar babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, ya san wannan keke: taya biyu a baya, ɗaya a gaba, feda a saitin ƙirji ana murza ta da hannu, sarƙa ta sauko har tayar gaba. Masu walda na unguwa ne ke haɗa shi da bututun ƙarfe da kayan keken hawa, kuma a Garwa da Marwa da Ngaundere kusan fasalinsa ɗaya ne. Keken guragu mutane ke ce masa. Tambayar da ke damun iyaye ita ce: ga yaro ko yarinya, shekara 14 zuwa 18, ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko babur ya kayar da shi, ko katanga ta rufta masa da damina, laka ta taɓu, ƙafafu sun shanye, an sallamo shi daga asibiti. A saya masa wannan keken? Amsarmu ita ce a saya, amma kada a karɓe shi yadda aka saba sayar da shi. Ƙarfensa da tayoyinsa sun ci kuɗinsu. Mazauninsa kuwa, in an bar shi yadda yake, yana iya mayar da yaron gadon asibiti cikin 'yan makonni.

Dalilin yana cikin asalin keken. Masu shan inna aka yi wa wannan fasali, kuma shan inna ƙarfin ƙafa take ɗaukewa, ba ta ɗauke ji. Mai shan inna in ya daɗe a kan katako zai ji zafi ya gyara zama, ko bai sani ba. Tun ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa ƙwayar shan inna ta daji ta kau daga Afirka, amma mai walda har gobe da wancan tsohon ma'auni yake aiki: faifan katako, siririn soso mai kaurin yatsa biyu, a lulluɓe da leda baƙa. Wanda lakarsa ta yanke ko ta murƙushe sau da yawa ba ya jin komai daga inda raunin yake zuwa ƙasa. Zai yi awa huɗu a kan wannan katako yana dariya da abokai, alhali jini ya daina isa fatar da ke ƙarƙashin ƙasusuwan zamansa.

Sai dai kafin mu shiga aibinsa, a ba shi haƙƙinsa. Kujerar asibiti mai naɗewa, wadda ake rabawa kyauta lokacin bukukuwa, don siminti da tayil aka yi ta. Ƙananan tayoyinta na gaba, masu faɗin inci 8, suna nutsewa a yashin lungu tun kafin a kai bakin titi, sai an sami mai turawa. In boris ɗinta ya ci ko tayar ta tsage, sai a zaga kasuwa ba a sami irinta ba. Keken hannu kuwa manyan tayoyi gare shi, inci 26 ko 28, yana haye tsakuwa da ramukan da ruwa ya haƙa, kuma kowane mai gyaran keke a Yelwa ko Rumde Ajiya yana da sarƙarsa da birkinsa da tayarsa. Tsidau ya huda shi, mai faci yana nan a bakin hanya. Matashi mai ƙarfin hannu zai yi tafiyar kilomita uku ko huɗu zuwa makaranta da kansa, jakarsa a akwatin da ke ƙarƙashin mazauni, ba a biya kuɗin kilando (babur ɗin haya) ba, ba a kuma ɗaura shi a bayan babur da ɗankwali ba. A wannan fanni ba mu ga abin da ya kama ƙafarsa ba a kuɗin da talaka zai iya biya.

Yanzu mazauni, wanda shi ne gaba da komai. Kada a yi odar keke da baki, a ce “na yaro ɗan shekara 16”. A zaunar da shi a kan benci mai tauri, a auna faɗin ƙugunsa a inda ya fi faɗi. Faɗin mazauni ya zama daidai da wannan, da ɗan sararin da tafin hannu zai shiga ta kowane gefe. In ya yi faɗi da yawa yaron zai karkace gefe ɗaya, nauyinsa ya taru a ƙashi ɗaya, bayansa kuma ya soma lanƙwasa tunda yana cikin girma. Sannan a auna daga bayan ɗuwawu zuwa lungun gwiwa, a rage santimita 3 zuwa 6, wannan shi ne zurfin mazaunin. In ya fi haka bakin katakon zai riƙa danne bayan gwiwa. Matakin ƙafa ma da awo ake sa shi. In ya yi sama, gwiwoyi su ɗago, cinya ta bar soso, nauyi duka ya koma kan ƙasusuwan zama. In ya yi ƙasa, ƙafa ta yi reto, jiki ya riƙa zamewa gaba yana gurje fatar ƙashin gindi. Abin da ake so shi ne cinya ta kwanta a kan soso tun daga tushe har kusa da gwiwa, tafin ƙafa kuma ya zauna daram. A sa maɗauri mai faɗi a bayan dunduniya ko ƙwauri, domin ƙafar da ke zabura da kanta tana iya zamewa ta ja ƙasa mai ita bai sani ba.

Matashin zama kuwa a cire na mai walda gaba ɗaya, a je wurin masu yin kujerun falo. Ana buƙatar kauri kamar santimita 10, hawa biyu: soso mai tauri a ƙasa, irin wanda ba ya lotsewa har ƙasa in an danna da dunƙulen hannu, sannan mai laushi a sama. A hawan ƙasa, ta baya, a fafe rami marar zurfi daidai inda ƙasusuwan zama biyu za su sauka, domin nauyin ya koma kan cinya. A lulluɓe soson da siririyar leda saboda fitsari, a sa rigar yadin auduga a sama, kuma a ɗinka riga biyu ko uku don wanki. Riga kada ta ɗame, in ta ɗame ta kashe amfanin ramin. Gwajinsa ba ya buƙatar na'ura. Yaron ya zauna, mai kula da shi ya zura hannu ta baya, yatsu a ƙarƙashin ƙashin zama. In yatsun suna iya motsi sama da ƙasa kamar milimita 5, matashin zaman ya yi. In ba sa motsi amma suna zarewa cikin sauƙi, a ƙara gyara. In sun matse sai da ƙyar aka zare su, kada ya ƙara zama a kai. Wannan gwaji yana cikin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koya wa masu ba da keken naƙasassu. Soso yana mutuwa, a zafin Garwa ma ya fi saurin mutuwa, don haka a maimaita gwajin duk wata.

Ko da matashin zama mai kyau, dole ya riƙa sauke nauyi duk minti 15 zuwa 30: ya sunkuya gaba har ƙirji ya kusa cinya, ko ya karkata dama sannan hagu, ya tsaya minti ɗaya zuwa biyu kowane karo. A nan keken yana da matsala, domin fedar tana gaban ƙirji ta tare hanyar sunkuyawa. Karkatawa gefe ita ta rage, shi ya sa madogaran hannu su zama masu ƙwari. Safe da dare a duba fata da madubi: ƙasusuwan zama, ƙashin gindi, gefen ƙugu, dunduniya. A baƙar fata ba ja ake gani ba. Wurin yakan ƙara duhu ko ya yi sheƙi, ya yi tauri, ya fi kewayensa zafi. In minti 30 bayan sauka alamar ba ta ɓace ba, a daina zama a kai har ta ɓace, ko da ranar jarrabawa ce.

Wannan na ƙarshe shi ne yake yi wa matasa wuya. Yaron da kowa ke yabo da juriya, wanda ya koma aji bayan wata takwas a kwance, ba ya son ya karkata jiki a gaban 'yan ajinsu, balle ya ce wa malam zai fita ya sauke fitsari. Zai rage shan ruwa don kada ya jiƙa wando, ya zauna tun 7:30 na safe har bayan azahar bai motsa ba, ya dawo gida ya ce “Inna, lafiya lau.” Irin wannan haƙurin shi ke haifar da gyambon zama da ciwon mafitsara. Gyambo mai zurfi yana cin watanni ana kwance rub da ciki, in ya kai ƙashi kuma yana kisa. Iyaye su je makarantar da kansu, su yi magana da shugaban makaranta, a ba shi wurin zama kusa da ƙofa da izinin fita ba tare da tambaya ba. Mai sa robar fitsari lokaci-lokaci yana buƙatar yin haka duk awa 4 zuwa 6, a wuri mai sirri da ruwa da sabulu.

Akwai kuma zafin rana. A Maris da Afrilu Garwa tana haura digiri 40. Keken da aka ajiye a rana, ƙarfen matakin ƙafarsa da baƙar ledarsa suna ƙona fatar da ba ta ji, sai da dare a ga bororo. A sa wa matakin katako, a sa takalmi rufaffe, a ajiye keken a inuwa. Wanda rauninsa yake sama a baya ba ya yin gumi sosai a ƙasan raunin, jikinsa na saurin ɗaukar zafi, don haka rumfar yadi a saman keke da gorar ruwa ba ado ba ne a wurinsa.

Ta ɓangaren tuƙi, kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko haƙoran keken hawa a ɗora yadda suke. Babban faifai mai haƙori 44 da ƙarami mai 18 don cinya aka yi su. A tayar inci 26 murzawa ɗaya tana tura keke kusan mita 5, kafaɗar yaro ba za ta jure wannan a yashi ko a hawa ba. A nemi faifai mai haƙori 28 zuwa 32 a sama da mai 22 ko 24 a taya. Da 28 da 22 murzawa ɗaya mita biyu da rabi ce da 'yan kai: gudun ya ragu, amma zai tashi daga tsaye ba tare da an tura shi ba. Kafaɗa abin tattali ce, ita ce ƙafarsa har ƙarshen rayuwa. Hannayen feda biyu su fuskanci gefe ɗaya, su tafi tare su dawo tare. In an sa su ɗaya sama ɗaya ƙasa kamar na keken hawa, kan keken zai riƙa kaɗawa dama da hagu a kowace murzawa. Tsakiyar fedar ta tsaya ƙasa da kafaɗa kaɗan, in hannu ya kai ƙarshen turawa gwiwar hannu ta kasance da ɗan lanƙwasa, baya bai rabu da majingina ba.

Sarƙa a buɗe take zuwa, a gaban fuska. Ga yarinya mai hijabi wannan haɗari ne na gaske, domin gefen hijabi in ya shiga tsakanin sarƙa da haƙori wuya yake ja. A sa murfin kwano tun daga sama har ƙasa. Haka kuma birki: ɗaya ake sawa, a tayar gaba, kuma ba ya kullewa. A nemi birkin tsayuwa a tayoyin baya biyu, ɗan ƙarfe mai mariƙi da ke danne taya ya kulle, domin lokacin hawa da sauka keken ke gudu ya bar mutum a ƙasa. Wani aibin ba ya gyaruwa: nauyi yana baya, tuƙi yana gaba, saboda haka a hawa mai tsauri ko yashi mai zurfi irin na mayo (busasshen kogi) a Marwa tayar gaba sai ta yi ta juyawa a banza. Matso da mazauni gaba kaɗan yana ragewa, bai kawar ba. Baya ma ba ya komawa da feda, sai an kama tayoyin baya da hannu.

A ƙarfen jiki a duba abu biyu. Bututu mai faɗin milimita 25 da kaurin bango milimita 1.5 ya wadatar. Siririn bututun kujerun haya wuta tana huda shi lokacin walda, daga baya ya tsage daidai inda wuyan keke ya haɗu da gangar jiki. Bututun ruwa kuma nauyi ne kawai, keken da ma sau da yawa yana haura kilo 30. Na biyu shi ne ƙarfen tsakiyar tayoyin baya. Na keken hawa kaurinsa bai wuce milimita 10 ba, kuma an yi shi ne a riƙe shi ta gefe biyu. In mai walda ya maƙala shi ta gefe ɗaya don saurin aiki, zai lanƙwashe, tayoyin su buɗe kamar ƙafar gwame. Kowace tayar baya ta sami ƙarfe ciki da waje. A shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin fentin ado, musamman ƙarƙashin mazauni inda fitsari ke taɓawa.

Babban abin da masu saye ba sa lissafawa shi ne keken nan na waje ne. Tsawonsa da faɗinsa ba sa barinsa ya yi kwanar zaure, ba ya haye dokin ƙofa, ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar makewayi. A ƙofar gida aikinsa ke ƙarewa, daga nan sai ɗauka. Da asuba uwa ce ke sunkuyawa, ta zura hannuwa ƙarƙashin hamatar saurayin da ya fi ta tsawo, ƙanwarsa ta kama ƙafafu, a kai shi bayan gida, a dawo da shi tabarma, a sake ɗaga shi zuwa keke. Sau shida, sau takwas a yini, ga juyin dare duk awa biyu. Wata uku bayan sallama uwar ta soma ciwon baya, ƙanwar ta soma fashin makaranta, uban da ya sayar da babur ko bijimi ya biya asibiti ya koma shiru, yayyen da suka cika ɗakin asibiti a makon farko kowa ya kama gabansa. Yaron yana ganin duk wannan. Shi ya sa yake ƙin abinci don kada a kai shi bayan gida, ko ya yi wa uwar tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ita kuma ta shiga madafa ta share hawaye. Mun fi damuwa da wannan a kan kowane noti da ke jikin keken, kuma rabin maganinsa aikin kafinta da magini ne.

A sa mai walda ya yi madogarar hannu ta gefe ɗaya mai ɗagawa, tsayin mazauni da matashinsa ya zo daidai da tsayin gado, wajen santimita 45 zuwa 50. A bar kwanciyar ƙasa, domin ɗaga mutum daga tabarma shi ke karya baya. Kafinta ya yanko allo mai tsawon santimita 70, faɗi 25, kauri 2, ya goge shi sumul, ya kashe kaifin bakinsa. Gefe ɗaya a ƙarƙashin cinya, ɗaya a kan gado, birki a kulle: matashi mai lafiyar hannu zai koyi zamewa da kansa cikin makonni, yana ɗaga jiki kaɗan-kaɗan ba jan fata ba. Likitan gashi, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ya nuna masa karon farko. Dokin ƙofa a yi masa gangare, kowane santimita 1 na tsayi a ba shi 12 na tsawo, wato doki mai santimita 15 yana son gangaren santimita 180. In da hali a ba shi ɗakin da ya fi kusa da ƙofar gida, a faɗaɗa ƙofarsa ta kai santimita 90. A kan ramin masai a ɗora kujera mai huda da aka naɗe bakinta da soso, da ƙarfen kamawa a bango. Kujerar asibitin nan da muka kushe a waje, a tsakar gida mai daɓe tana da amfani, kada a sayar da ita. Aikin da ya rage kuma a raba shi da suna da lokaci tun ana shiri: Baba ko Yaya juyin dare da wankan namiji, Goggo kwana biyu a mako, ƙanwa bayan ta taso daga makaranta kawai. “Za mu riƙa leƙowa” ba rabon aiki ba ne.

Akwai waɗanda keken bai dace da su ba. Wanda rauninsa a wuya yake, yatsunsa ba sa damƙa, ba zai iya birki ba. Wanda ba ya iya zama ba tare da dafa ƙasa ba yana buƙatar majingina mai tsawo har kafaɗa da maɗaurin ƙirji, kuma likitan gashi ya gani kafin ya hau titi. Mai gyambo a buɗe ya jira ya warke. Kuma kada a zaunar da kowa sai likita ya ce ƙashin bayan ya kama. A kwanakin farko na zama jiri yakan ɗebe su, a fara da minti kaɗan ana ƙarawa. Ga wanda rauninsa yake daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, in ciwon kai mai tsanani ya taso farat ɗaya da gumi a fuska, hawan jini ne mai haɗari, yawanci daga cikar mafitsara: a zaunar da shi a miƙe, a sassauta tufafi, a sauke fitsarin, in bai lafa ba a garzaya asibiti.

Batun kuɗi, farashi yana bin kayan da aka sa, sabbin tayoyi ko na hannu, don haka a nemi mai walda ya faɗi kuɗin kowane abu daban, a ware na matashin zama tun farko kada ya zama shi ne abin da za a yi “in an samu”. Dokar Kamaru mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi kariya ga masu naƙasa, har da sauƙin kuɗin makaranta, kuma katin naƙasa ta ofishin Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a ake nemansa, da takardar likita. A fara neman da wuri. Babbar cibiyar gyaran naƙasassu ta ƙasa tana Etoug-Ebe a Yawunde, tafiyar mota zuwa Ngaundere sannan jirgin ƙasa na dare, shi ya sa ga yawancin gidaje a Arewa mai waldan unguwa da likitan gashi na asibitin yanki su ne abin dogaro. In za a iya haɗa su biyun su ga yaron tare, ko sau ɗaya ne, a yi.

Ranar karɓa a zo da yaron, kada a aiko ɗan aike. Ya hau da allonsa birki a kulle, a yi gwajin yatsu, ya tashi daga tsaye a kan yashi ba turi, ya yi kwana dama da hagu a ga ko feda tana bugun ƙirji ko gwiwa, ya kama birki a gangare. A shafa hannu a duk inda fatarsa za ta taɓa, a nemi tsinin walda ko kan noti, a goge shi nan take. Bayan minti 30 a sauke shi a duba fatar. Sauran kuɗin mai walda a riƙe shi sai bayan mako guda, lokacin da sarƙa ta saki, notuna suka nemi ɗauri, aka dawo da keken ya ɗaure su.